Na Amsa Kiran Bishara, Mahaifiyata Kuwa Tana Kwance: Wanne Zan Bari?

Zuwa ga Mama mai shafin shawarwari,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kina lafiya, ke da iyali. Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba mutane, shi ya sa na kawo miki damuwata, domin ta kai matsayin da barci ya ƙaurace wa idona, kuma duk wanda na tuntuɓa a nan kusa sai ya ja ni wani ɓangare dabam.

Ni malamin makarantar firamare ne a wani ƙauye da ke kudancin Jihar Katsina, shekaruna 37, ina da mata da 'ya'ya uku. Asalinmu Maguzawa ne. Mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu tun yana saurayi, ya sha tsangwama daga dangi a kan haka, kuma ya riga mu gidan gaskiya shekarun baya. Ni ne ɗan fari. Ina da ƙane da yake aiki a Kaduna, da ƙanwa da take aure a wani gari kusa da mu, da kuma autarmu da ba ta gama sakandare ba, wadda ni nake biya mata kuɗin makaranta.

Bara da damina mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hannunta da ƙafarta na dama ba sa motsi, maganarta ma da ƙyar take fita. Na ɗauko ta na dawo da ita gidana. Matata ce take yi mata wanka, take juya ta a shimfiɗa, take ba ta kunu da cokali, take wanke zannuwanta tun da asuba kafin yara su tashi. Ni kuma daga albashina nake sayen magani kowane wata. Da ciwon ya yi tsanani, baffanninmu da suke kan al'adar kakanni sun zo sun ce iska ce ta shafe ta, sai an yanka baƙin bunsuru an yi mata abin da aka saba. Na ƙi, na ce ba za a yi wannan a gidana ba. Har yau biyu daga cikinsu ba sa amsa gaisuwata.

To, Mama, tun ina cikin zumuntar matasa nake jin nauyin ƙauyukan da ba su da majami'a ko mai bishara. A babban taron da aka yi bayan girbi, baƙon mai wa'azi ya karanta Luka 14:26, inda Ubangiji ya ce wanda ya zo wurinsa bai ƙi uwarsa da ubansa da matarsa da 'ya'yansa ba, ba zai iya zama almajirinsa ba. Ya ce duk wanda Allah yake kira ya fito. Ban san lokacin da na tashi ba, sai ganina na yi a gaba ina kuka, na kuma yi alkawari a gaban jama'a cewa zan ajiye aikin koyarwa, in shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, in tafi duk inda aka aike ni.

Da na koma gida na zauna a gefen shimfiɗar Iya na gaya mata. Kin san halin iyayenmu mata da ɗan fari, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba saboda kara. Ran nan ta kama bakin rigata da hannunta mai lafiya, ta kira ni da sunana, ta ce idan na tafi na bar ta a haka ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Matata kuwa ba ta ce uffan ba, ta dai ci gaba da aikinta, amma na lura ta rage cin abinci.

Wani abokina da muke addu'a tare ya ce Shaiɗan ne yake amfani da ciwon Iya don ya tare mini hanya. Ya tuna mini da mutumin da Yesu ya ce masa ya bar matattu su binne matattunsu, da Turawan mishan da suka baro iyayensu suka zo suka mutu a ƙasarmu, ya kuma karanta mini Mai Hadishi 5:4, cewa kada a yi jinkirin cika wa'adin da aka yi wa Allah. Faston ikkilisiyarmu ya ce in ci gaba da addu'a. Ƙanena kuma ya ce a waya wannan son kai ne da na lulluɓe da addini.

Mama, ina ƙaunar Ubangijina, ina kuma ƙaunar mahaifiyata. Idan na zauna, shin na fifita ta a kan Almasihu ke nan, na zama wanda bai cancanci zama almajiri ba? Idan na tafi, da wane ido zan dubi Allah in wani abu ya same ta? Ki taimake ni da gaskiya, ko da za ta yi mini ɗaci.

Ɗanki a cikin Ubangiji,
daga kudancin Katsina.

AMSA

Ɗana, sannu da jinya, Allah ya ba Iya sauƙi, ya kuma saka wa matarka da alheri. Ka nemi gaskiya, to ga ta tun daga farko: kada ka ajiye aikinka yanzu, kada kuma ka bar gidan nan a halin da yake ciki. Ban faɗi haka don ina ganin kiran da kake ji ƙarya ne ba, ban kuma faɗa don tausayin tsohuwa ya rinjayi Maganar Allah a zuciyata ba. Na faɗa ne domin na tabbata Ubangijin da ya yi maganar da ke cikin Luka 14 shi ne ya ɗora maka wannan jinya, kuma ba ya ba bawansa umarni biyu masu karo da juna.

Mu fara da ayar da ta tayar da kai daga kujera. Yesu ya faɗe ta ne sa'ad da taro mai yawa suke biye da shi a hanya, yawancinsu ba su san abin da binsa zai jawo musu ba, kuma a cikin jerin abubuwan da ya ce a ƙi har da ran mutum kansa. Matiyu 10:37 ya kawo wannan koyarwa a fili, cewa wanda ya fi ƙaunar uwa ko uba a kansa bai cancanci zama nasa ba. Ashe maganar a kan wanda yake da matsayi na farko take, wato idan ranar ta zo da dangi suka ce ga hanya, Almasihu kuma ya ce ga wata, wa za ka bi? Ɗana, wannan rana ta riga ta zo gidanka, ka kuwa ba da amsa. Ranar da baffanninka suka nemi a yanka bunsuru ka ce ba za a yi ba, kana sane da cewa za ka rasa fuskarsu, a ranar ka cika Luka 14:26, kamar yadda mahaifinka ya cika ta tun yana saurayi. A can an nemi ka saɓa wa Ubangiji ne. Iya kuwa ba ta ce ka bar Yesu ba, ba ta ce ka daina sujada ko wa'azi ba. Abin da ta roƙa shi ne kada ka bar ta kwance ba mai tallafa mata, kuma wannan roƙo yana da goyon bayan doka ta biyar, wadda take cikin Fitowa 20:12, wadda Bulus ya maimaita a Afisawa 6:2.

Akwai wani wuri da nake so ka karanta a natse, domin ba kasafai ake karanta shi a manyan taruka ba, wato Markus 7:9-13. A can Yesu ya tsauta wa Farisiyawa da malaman Attaura a kan wata al'ada da suka ɗaure wa gindi: mutum yakan ce wa iyayensa abin da ya kamata su amfana da shi daga gare shi ya riga ya keɓe wa Allah, daga nan sai a sauke masa nauyin yi musu komai. Ka duba yadda abin yake da kamannin ibada, akwai wa'adi a ciki, akwai sunan Allah, akwai sadaukarwa, amma duk da haka Ubangiji ya ce sun wofintar da Maganar Allah saboda al'adarsu. Albashinka, da ƙarfinka, da kasancewarka a gida, su ne abin da Iya take amfana da shi daga gare ka a yau. Idan ka ɗauke su gaba ɗaya ka ce ka keɓe wa Allah, ba tare da ka tanadar mata madadinsu ba, ina jin tsoron ka faɗa cikin abin da wannan sura ta hana, ko da yake na san zuciyarka ba irin ta Farisiyawan ba ce. Bulus ya ƙara tsananta maganar a 1 Timoti 5. A aya ta 4 ya ce 'ya'ya da jikokin gwauruwa su fara koyon ibada a cikin gidansu ta wurin rama wa iyayensu alheri, a aya ta 8 kuma ya ce wanda bai kula da danginsa ba, balle mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya, ya ma fi marar ba da gaskiya muni. Mutumin da ya rubuta wannan shi ne mai bisharar da ya fi kowa tafiye-tafiye a Sabon Alkawari, saboda haka ba za a ce bai san darajar fita ba.

Ka kuma dubi waɗanda suka bar kome suka bi shi. Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu Zabadi a cikin jirgi, gaskiya ne, amma Markus 1:20 ya ce sun bar shi tare da ma'aikatansa, wato ba su bar tsoho shi kaɗai da taru a hannu ba. Bitrus ya bar sana'ar kamun kifi, amma a cikin wannan sura dai za ka ga Yesu ya shiga gidansa ya tarar da surukarsa kwance da zazzaɓi, ya kama hannunta ya tashe ta, kuma bayan shekaru Bulus ya ambata a 1 Korantiyawa 9:5 cewa Bitrus yana tafiya tare da matarsa. Shi kansa Ubangiji, yana rataye a kan gicciye, yana cikin aikin da ya fi kowane aiki girma a duniya, bai mance da Maryamu ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a, kamar yadda Yahaya 19:26-27 ya nuna. Ya tafi, amma ya bar ta da ɗaki da mai riƙo.

Ba zan tsallake ayar da abokinka ya kawo ba, domin tana nan a Luka 9:59-60, kuma tana da nauyi. Yesu ya ce wa wani mutum ya bi shi, mutumin ya nemi izinin zuwa binne mahaifinsa tukuna, aka hana shi. Wannan yana koya mana cewa Ubangiji yana da ikon kiran mutum ya tashi nan take, kuma akwai masu fakewa da hidimar gida shekara da shekaru don su guje wa abin da suka san Allah yana nema a wurinsu. Ka binciki zuciyarka a kan haka, ba laifi. Sai dai ka haɗa da Markus 5:18-19, inda mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu ya roƙi Yesu ya bar shi ya bi shi, Yesu ya ƙi, ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ɗaya ya so zama aka ce ya tashi, ɗaya ya so tashi aka ce ya zauna, dukansu kuwa biyayya aka nema a wurinsu. Kai a yanzu zuciyarka tafiya take so, saboda haka kada ka ɗauka cewa tafiyar ce kaɗai gicciye. Mai yiwuwa naka gicciyen a wannan lokaci shi ne wanda ba a tafa wa mutum a kansa a babban taro.

Maganar cewa Shaiɗan ne yake amfani da Iya, ka cire ta daga ranka ɗungum, domin magana ce mai haɗari. Mutumin da ya fara kallon mahaifiyarsa a matsayin shingen da ya tare masa hidima, ba da jimawa ba zai fara jiran mutuwarta ba tare da ya sani ba, kuma mai jinya yana gane irin wannan a fuskar mai kula da shi. Su ma Turawan da ya ambata, labarinsu bai goyi bayansa yadda yake zato ba. Matasa uku da suka fara aikin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a watan Disamba na 1893, kuma a 1894 Gowans ya rasu a Girku a ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Amma mahaifiyar Gowans ba a shimfiɗa ya bar ta tana roƙonsa ya zauna ba. Ita ce ma ta zaunar da Bingham a gidanta a Kanada ta bayyana masa bukatar ƙasashen nan har ya yarda ya bi ɗanta. Da yardarta da addu'arta Gowans ya fito.

Game da wa'adin da ka yi, ba na raina shi, kuma ba na cewa ka mance da shi. Abin da ka miƙa wa Allah a ranar shi ne kanka, kuma wannan yana nan daram. Lokaci da hanya kuwa ba kai kaɗai za ka yanke su a cikin hawaye ba. Ayoyin da suka biyo bayan wadda aka karanta muku, Luka 14:28-30, suna cewa mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. A Antakiya ma, kamar yadda Ayyukan Manzanni 13:1-3 ya nuna, Barnaba da Shawulu suna cikin hidimar ikkilisiyarsu aka keɓe su, jama'a suka yi azumi da addu'a, suka ɗora musu hannu, sa'an nan suka sallame su. Kira na gaskiya ba ya tsoron a gwada shi, kuma ba ya lalacewa don an jira. Saboda haka ka koma wurin fastonka, ka ce masa kana bukatar fiye da addu'a kawai, kana so ya tara dattawan ikkilisiya ka shimfiɗa musu kome, da wa'adin, da jinyar, da albashin, da karatun autarku, su auna tare da kai. Ba abin kunya ba ne ka tsaya a gaban mutanen da suka ji alkawarinka ka ce kana nan a kansa, amma dattawa sun ga ya dace ka fara tsara gidanka.

Yanzu bari in zo kan wadda wasiƙarka ta ba ta layi biyu kawai, alhali ita ce take ɗauke da mafi nauyin kayan. Ɗana, ka yi alkawarin ajiye aiki a gaban jama'a kafin ka yi shawara da matarka, kuma da ka dawo gida Iya ka fara gaya wa. Macen da take tashi da asuba tana wanke zannuwan surukarta, idan ta yi shiru ta rage cin abinci, to ta yi magana ke nan, saura a saurare ta. Ka yi tunanin abin da take lissafawa: idan ka tafi makaranta shekara uku ko huɗu babu albashi, ita za a bari da majinyaciya da yara uku da kuɗin magani, idan kuma kuka tafi tare, wa zai juya Iya? Aikin bishara a karkara aikin mutum biyu ne, domin matar mai bishara ita take buɗe ƙofofin da shi ba zai iya shiga ba, kuma wadda aka ja da ƙarfi ba za ta iya wannan ba. Bitrus ya gargaɗi maza a 1 Bitrus 3:7 su zauna da matansu da sanin ya kamata don kada addu'arsu ta sami cikas. Ka samu lokacin da yara suka yi barci, ka nemi gafararta a kan yanke hukunci ba da ita ba, ka tambaye ta abin da ke ranta, ka kuma bar ta ta gama ba tare da ka kawo mata aya ba. Sa'an nan ka karɓi wani kaso na jinyar da hannunka. Al'ada ba za ta bar ka ka yi wa Iya wanka ba, amma ba abin da ya hana ka ɗaga ta, ka zaunar da ita a inuwa, ka ba ta abinci, ka motsa mata hannu da ƙafa yadda ma'aikatan gashin ƙashi na asibiti suka nuna.

Kalmar da Iya ta faɗa ta yi zafi, na sani, balle da ta haɗa da kiran sunan da ta riƙe a bakinta shekara 37. Kada ka ɗauke ta a matsayin baki. Tsoro ne ya yi magana, tsoron macen da jiya take noma da girki, yau kuma ba ta iya korar ƙuda daga fuskarta da hannun dama. Masu irin wannan ciwo sukan yi fama da baƙin ciki da saurin kuka, wannan sananne ne a wurin likitoci, kuma yana da kyau ka ambata musu in kun koma asibiti. Ka zauna kusa da ita ka gaya mata da bakinka cewa ba za ka tafi ka bar ta ba mai riƙo ba. Amma kada ka yi mata alkawarin cewa har abada ba za ka fita aikin bishara ba, domin wannan ba naka ba ne da za ka bayar. In hankalinta ya kwanta, ka riƙa ba ta labarin ƙauyukan da suke ranka, ka roƙe ta ta riƙa yi musu addu'a. Matar da ta tsaya tare da mahaifinka lokacin da dangi suka juya masa baya ta san abin da bishara take nufi fiye da yadda kake zato.

Ƙanenka kuma da ya kira ka mai son kai, maganarsa za ta fi nauyi in ya sa hannu a aljihu. Iya ta haifi mutum huɗu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kira taron gida, da shi da ƙanwarka da mijinta, ku zauna ku faɗi abin da kowa zai ɗauka a fili: wa zai riƙa sayen magani, wa zai ɗauki kuɗin makarantar auta, yaushe ƙanwarka za ta riƙa zuwa ta kwana biyu don matarka ta huta ta je ta ga nata iyayen. Maganin hawan jini ba a tsayar da shi don an ga sauƙi, kuma juya majinyaci a kai a kai shi yake hana gyambon kwanciya, saboda haka a tsara waɗannan biyun yadda ba za su dogara ga mutum ɗaya ba. Ka kuma sanar da shugabannin zumuntar mata halin da ake ciki, domin na san abin da matan nan suke iya yi idan aka gaya musu gaskiya, sai dai sau da yawa kunya takan hana mu faɗa.

Kada ka zaci cewa duk wannan yana nufin ka naɗe hannu. Kai malami ne mai alli a hannu, kana da Asabar da Lahadi da hutun zango, kuma ƙauyukan da suke ranka wasunsu ba su wuce tafiyar babur ba. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya bazu a ikkilisiyoyin Arewa tun shekarun 1960, an gina shi ne a kan manoma da malamai da 'yan kasuwa da suke fita wa'azi su dawo gidajensu. Ka nemi dattawa su ba ka ƙauye ɗaya ka riƙa zuwa a kai a kai, ka fara ajin karatu da rubutu, ka ga ko za ka jure sa'ad da mutum uku kaɗai suka fito. Wannan zai gwada kiranka fiye da kowane taro. Ka kuma bincika makarantun tauhidi irin na Kagoro da Jos ko akwai shirin karatu na lokacin hutu da zai dace da malami, ka tambayi ofishinku ƙa'idar hutun ƙaro karatu kafin ka yi tunanin takardar ajiye aiki. Ƙungiyoyin aika masu bishara, irin su EMS (Evangelical Missionary Society) ta ikkilisiyar ECWA da ta faro tun 1948, sun fi bukatar mutumin da ya zo da shaidar ikkilisiyarsa da yardar matarsa a kan wanda ya baro gida a hargitse. Bulus kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da matarsa, yana kuma muhawara a majami'a kowace Asabar.

Ku sa lokaci tare da dattawa, misali bayan girbin baɗi, ku sāke zama ku duba. Idan a lokacin 'yan'uwanka sun ɗauki rabonsu da gaske, an sami wanda zai riƙe Iya riƙo na mutunci ko kuma wurin aikin yana kusa yadda za ku tafi da ita, matarka ta ce ta yarda da zuciya ɗaya, ikkilisiya kuma ta shaida kiranka, to ka tafi, ko da Iya ta zubar da hawayen rabuwa, domin hawayen kewa dabam ne da kukan wadda aka yasar. Idan kuwa waɗannan ba su cika ba, ka zauna da kwanciyar rai, ko da jinyar ta ɗauki shekaru, ko da ƙofar ba ta buɗe yadda ka zana ta a zuciyarka ba. Baffanninka da ba sa amsa gaisuwarka suna kallon yadda ɗan Kirista zai yi da uwarsa bayan ya hana a yi mata yanka, kuma su ma suna cikin mutanen da kake so bishara ta kai gare su. Ka ci gaba da zuwa gaishe su.

Abokinka kuma kada ka yi gaba da shi, domin himma ce ta yi masa yawa, kuma irinsa ake bukata. Ka karanta masa Markus 7 da 1 Timoti 5, sa'an nan ka roƙe shi, shi da matarsa, su riƙa zuwa suna zama da Iya ranar Asabar ɗin da za ka fita ƙauye wa'azi, don kada fitarka ta zama ƙarin nauyi a kan matarka. Ka rubuto mini bayan kun yi taron gidan, ina so in ji abin da ƙanenka ya ɗauka da abin da matarka ta ce.

Taku a cikin Ubangiji,
Mama.